Mun ce olsa ce, ashe ba ita bace

Kawuna ya rasu sati uku bayan an gama yankan gero, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Shekararsa 47. Tun lokacin nake son in zauna in rubuta wannan abin amma duk sanda na ɗauko waya sai in kasa, sai yau da na dawo daga makaranta na tarar gidan shiru yara duk sun tafi islamiyya, nace bari dai in daure, don abin ya tsaya min a rai kuma nasan ba gidanmu kaɗai irin wannan ke faruwa ba.

Mu mutanen wani ƙauye ne a yankin Gumel. Kawu ƙanin mahaifiyata ne uwa ɗaya uba ɗaya, da damina manomi, da rani dillalin dabbobi, duk ranar Alhamis yana kasuwar Maigatari tun rana bata yi zafi ba. Mutum ne mai jiki mai ci, shi kaɗai yake kama rago ya ɗora a bayan mota. Wajen shekara biyu kafin rasuwarsa ya fara cewa ƙirjinsa na zafi, in ya ci yaji ko ya daɗe bai sa komai a ciki ba sai yaji kamar an hura wuta. Kowa yace olsa ce. Ai kun san mu, duk ciwon da ya tsaya tsakanin ƙirji da cibiya sunansa olsa, kamar yadda duk zazzaɓi in ba maleriya ba to taifot ne. Ya je kemis aka bashi farin ruwan nan da ake girgizawa da ƙwayar omifirazol, ya sha yaji sauƙi, ya ƙare ya sake siyowa, haka aka yi ta yi, wani yace ya jiƙa jar kanwa, wani yace madara, wani yace ya bar shan zoɓo, duk ya bi.

Abin da ya fara tsorata ni wata rana ne da yamma na je gaishe shi, matarsa ta damo masa fura a kwano, furar da a da yake shanyewa ya nemi ƙari. Na zauna ina kallo ya kai ludayi ɗaya, biyu, a na uku ya ture kwanon yace min "ɗan nan shanye, ni na ƙoshi." Nace Kawu ludayi uku fa ka sha. Yace wallahi ji yake kamar ya cinye akushi guda. Da ya miƙo min kwanon sai zoben azurfarsa ya zame daga yatsa ya faɗa kan tabarma, zoben da na sani tun ina yaro ko da sabulu baya fita. Ya ɗauka ya sa a aljihu bai ce komai ba, nima ban ce ba.

Daga nan ne magana ta juya, aka daina cewa olsa aka koma cewa an sa masa hannu, wai a kasuwa aka bashi a abinci saboda yana samu. Aka yi rubutu, aka yi sauka, aka je wajen masu magani har cikin Nijar. Ni ban taɓa raina addu'a ba kuma har gobe da ita muke tafe, amma watanni biyar ɗin da muka kwashe muna zargin mutanen da basu ji ba basu gani ba, su ne suke min ciwo har yanzu, don a cikinsu ne ya fara amai bayan cin abinci, bahayarsa ta koma baƙa ƙirin kamar kwalta, tafin hannunsa ya yi fari fat. Sai da ya faɗi a gona sannan aka yarda aka ɗauko mota, muka bi ta Gujungu muka nufi Kano.

A asibiti aka fara ƙara masa jini leda biyu, aka yi sikanin, sannan aka zura masa kyamara ta baki har cikin tumbi aka gutsuro 'yar tsoka aka kai gwaji. Ranar da sakamako ya fito ni da babban ɗansa muka shiga. Likitan bai ɓoye mana ba, yace kansa ce, ciwon dajin tumbi, kuma irin wanda baya tarawa guri ɗaya ya zama ƙari a yanke a huta, wannan bazuwa yake a cikin bangon tumbin har tumbin ya yi kauri ya sandare ya daina buɗewa. Yace ku ɗauka kamar salkar da ta bushe. Nan take na tuna ludayi ukun nan. Yace ya riga ya wuce inda aiki zai yi amfani. Sai kuma ya ɗago ya kalle ni yace "Malam, a danginku akwai wanda ya taɓa yin irin wannan ciwon?"

Na buɗe baki zan ce babu sai maganar ta maƙale. Kakarmu, mahaifiyar su Kawu, ban tashi na ganta ba amma tun muna yara muke jin ciwon ciki ne ajalinta, ta rame har ana ɗaukarta da hannu ɗaya, bata kai hamsin ba. Sai autarsu, ƙanwar Innarmu, wadda ta rasu tana da talatin da 'yan kai ta bar goyo, ita ma amai da rama, ita kuma aka ce iska ce. Mutum uku a ɗaki ɗaya, kowanne mun raɗa wa ciwonsa suna daban shi yasa bamu taɓa haɗa su a lissafi ɗaya ba sai da baƙo ya tambaye ni.

Ni malamin kimiyya ne a ƙaramar sakandare, na karanta bayoloji a kwalejin ilimi, don haka da na dawo na duƙufa karatu, dare da rana ina ƙona data, kuma abin da na fahimta shi nake son in faɗa da Hausar da Innata zata gane.

Jikin mutum tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido baya gani, kullum wasu na mutuwa wasu na rabuwa biyu suna maye gurbinsu, fatar cikin tumbi ma duk 'yan kwanaki take sabuntawa saboda ruwan tsamin da take zaune a ciki. A cikin kowace ƙwaya akwai rubutun da ake kira DNA, shi ne umarnin yadda zata rayu, an ɗaure shi ɗauri 46, 23 daga uwa 23 daga uba, kuma a ciki akwai wajen babi 20,000, su ne ƙwayoyin gado. Duk sanda ƙwaya zata rabu sai ta kwafe rubutun nan kaf, haruffa wajen biliyan 3 daga kowane ɓangare, to ina mai kwafar wannan bai yi kuskure ba. Kansa daga nan take farawa, kuskure kan kuskure har ƙwaya ta manta da tsayawa ta yi ta haihuwa ba ƙaƙƙautawa.

Amma Allah da ya yi mu bai bar abin haka sakaka ba, ya sa masu tsaro. Akwai ƙwayoyin gadon da aikinsu kenan hana ƙari tsirowa, kuma babbansu ana kiransa TP53, yana ɗauri na 17, shi yake haɗa wani furotin mai suna p53 wanda aka gano a 1979. Wanda ya yi makarantar allo zai gane aikinsa da wuri. Ka rubuta allonka ka kai wa malam darasu, in ya ga kuskure kaɗan yace tsaya a gyara kafin ka wuce, in kuma ɓarnar ta yi yawa yace je ka wanke ka sake. Haka p53 yake, yana tsayar da ƙwaya a gyara rubutun, in ba zai gyaru ba ya umarce ta ta mutu don kar ta haifi irinta. Wajen rabin duk kansar da ake samu a jikin ɗan adam in aka duba sai a tarar an kwantar da wannan malamin. Wani abin mamaki, a 2015 masu bincike a Amurka suka nuna giwar Afirka kwafi 20 take da shi na TP53, mu kuwa ɗaya, wato guda daga uwa guda daga uba, kuma duk girman jikinta da tsawon ranta kansa bata cika kashe ta ba. Na daɗe ina jujjuya wannan a raina, ikon Allah.

Wannan biyun, na uwa da na uba, shi ne sirrin maganar gado. Wani likita a Amurka, Alfred Knudson, shi ya bayyana shi a 1971 lokacin yana nazarin kansar ido ta yara. Ka ɗauka ƙofa ce mai sakata biyu. Yawancinmu da sakata biyu lafiyayyu aka haife mu, kafin ɓarawo ya shiga ƙwaya ɗaya sai duka biyun sun karye a cikinta, abin da ke ɗaukar shekaru masu yawa, shi yasa kansa ta fi kama tsofaffi. Amma akwai wanda tun daga ciki ya gaji sakata ɗaya a karye, a kowace ƙwaya ta jikinsa, to shi saura ɗaya ta rage masa, shi yasa a irin waɗannan gidajen ciwon ke zuwa da wuri, ɗan talatin ɗan arba'in, kuma ya bi mutum biyu uku.

A cikin masu tsaron nan, wanda ya fi shafar tumbi kai tsaye sunansa CDH1, yana ɗauri na 16. Shi aikinsa haɗa wani abu kamar kwaɓaɓɓiyar ƙasar da magini ke sawa tsakanin tubali da tubali, shi yake riƙe ƙwayoyin fatar tumbi su manne da juna a jere. In ya lalace sai tubalan su saki, ƙwayoyin su rinƙa sulalewa ɗai-ɗai suna kutsawa cikin bango, basu tara ƙulli ba balle a gani da wuri, har kyamara ma tana iya wucewa ta kansu bata gani ba a farko. In aka sa su a madubin gwaji kama suke da zobe mai ido, haka ma likitoci suke kiransu. Irin da aka samu a jikin Kawu kenan.

Yadda aka gano CDH1 ɗin nan ya taɓa min zuciya sosai. Wani dangi ne na ƙabilar Mawori a ƙasar Niyu Zilan, cikin shekara 30 suka binne mutum 25 da ciwon tumbi, ƙaraminsu ɗan shekara 14, har wasunsu suna ganin baki ne ya kama zuri'ar. Wata nas a cikinsu, Maybelle McLeod, ita da wasu 'yan uwanta suka ƙi yarda a tsaya a nan, suka bi gida gida suna haɗa tarihin dangi, waye ya haifi wa, waye ya mutu da me, suka nemi masana a Jami'ar Otago, kuma a 1998 Parry Guilford da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon cewa CDH1 ne ya samu matsala a jinin gidan. Ba Turawa ne suka zo suka same su ba, su suka tashi suka nema. Da na karanta sai na ajiye wayar na yi shiru, don banda nisan ƙasa da bambancin yare labarin ɗakin kakata nake gani.

Nasan abin da wani zai ce, don an riga an faɗa min a wajen zaman makoki, wai ai auren zumunci ne ke jawo irin wannan. Ba haka bane, kar mu haɗa shi da sikila. Sikila sai uwa da uba duka suna ɗauke da S, kamar AS da AS, sannan a iya haifar SS. Wannan kuwa mutum ɗaya ya isa, uwa ko uba, ko bare ya aura daga wata ƙasa, duk ɗan da aka haifa rabi da rabi ne, ko ya ɗauko ko bai ɗauko ba, kuma wanda bai ɗauko ba shikenan ba zai ba 'ya'yansa ba. Sannan wanda ya ɗauko ma ba dole ne ya kamu ba. Ƙiyasin 2015 yace zuwa shekara 80 maza kashi 70 cikin 100 mata kashi 56 ke kamuwa, amma da aka faɗaɗa bincike a 2019 sai adadin ya sauko zuwa 42 da 33. Mata kuma suna da ƙarin haɗarin wani nau'in kansar mama. A ƙasashen da suke da hali in an gwada an tabbatar, wasu cire tumbin ake gaba ɗaya tun suna lafiya a haɗa maƙogwaro da hanji, mutum ya rayu yana cin abinci kaɗan kaɗan sau da yawa a rana yana karɓar allurar bitamin B12 har ƙarshen ransa. Abu ne mai nauyi, amma mutanen suna nan suna aure suna haihuwa.

Kar kuma in tsorata kowa, irin wannan gadon mai ƙarfi kaɗan ne ƙwarai, bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na masu kansar tumbi ba. Akwai wani bambancin na daban wanda kowa ke ɗauke da shi, shi ba karyewar sakata bane, kamar dai wani yace wuri wani yace guri, wani barci wani bacci, magana ɗaya ce lafazi ya bambanta. Misali a jikin p53, a gurbi na 72, wasu suna da sinadarin arjinin wasu furolin, kuma na furolin ɗin ya fi yawa a mutanen Afirka. A ɗakin gwaji an ga mai arjinin ya fi saurin cewa a wanke allo, mai furolin ya fi karkata ga a tsaya a gyara. An yi ta bincike ko wannan na ƙara haɗarin kansar tumbi, wasu a Asiya suka ga ɗan ƙari kaɗan, wasu suka duba basu ga komai ba. Ni a ganina wannan ba abin da zai hana manomi barci bane, kuma duk wanda ya zo maka da gwajin irin wannan yace zai faɗa maka makomarka to kuɗinka yake so. Abin da ya fi damuna shi ne mafi yawan binciken ƙwayoyin gado a duniya a jinin Turawa aka yi shi, sai na mutanen Asiya, mu da muka fi kowa yawan bambance-bambance a jini mu ne aka fi bari a baya.

To in gado kaɗan ne, me ke kawo sauran? A nan ne na samu abin da hannunmu zai iya kaiwa. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori, a asibiti zaka ji ana cewa H. pylori, tana zaune a cikin tumbi, yawanci tun mutum yana yaro yake ɗauka a gida, ta yawu, ta ruwa ko abincin da bahaya ta gurɓata, kuma in ba a kashe ta ba tana nan har tsufa. Wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ita ce ke haddasa mafi yawan olsa, aka ƙi yarda da su har Marshall ya ɗaga ruwan ƙwayar ya shanye a 1984 ya kwanta ciwo don ya nuna, a 2005 aka basu kyautar Nobel. Tun 1994 hukumar binciken kansa ta WHO ta sa ta a sahun farko na abubuwan da ke jawo kansa. Yadda take yi, shekara da shekaru tana sa fatar tumbi kumburi, ƙwayoyi na mutuwa ana sake kwafa ana sake kwafa, kuskure na ƙaruwa, wasu nau'inta ma har wani dafi suke harbawa cikin ƙwaya mai suna CagA wanda ke raunana p53 ɗin kansa ya kuma taɓa abin da ke manne tubalan. Ga gishiri mai yawa, ga taba, ga abincin da aka adana da gishiri ko hayaƙi, duk suna ƙara mata ƙarfi.

Binciken da ya fi tsaya min shi ne wanda aka fitar daga Japan a 2023. Sun duba dubban mutane suka ware masu ɗauke da lalatattun ƙwayoyin gyaran DNA, irin su BRCA1, BRCA2, ATM da PALB2. Wanda ke da lalatacciyar ƙwayar gado kuma yana da H. pylori, haɗarinsa zuwa shekara 85 ya kai kashi 45 cikin 100. Wanda ke da H. pylori kaɗai kashi 14. Wanda bashi da H. pylori kuwa, ko ya gaji matsalar ko bai gada ba, bai kai kashi 5 ba. Ku sake karanta wannan. Gadon yana nan a jini ba mai goge shi, amma sai ya samu abokin ɓarna sannan yake tashi, kuma abokin nan magani na kwana 14 yana kashe shi. CDH1 dai shi nasa daban ne, baya jiran kowa, amma ko su masu shi ana cewa a kashe musu ƙwayar in an same ta.

Mu kuma a nan ƙwayar ta yi mana katutu, wani babban nazari na 2017 ya ƙiyasta kusan kashi 88 cikin 100 na 'yan Najeriya na ɗauke da ita. Tun 1992 wani likita Bature mai suna Holcombe da ya yi aiki a Maiduguri ya rubuta yana mamakin yadda ƙwayar ta cika Afirka amma kansar tumbi bata da yawa a lissafi, har abin ya zama wata muhawara da ake yi har yau, wasu suce nau'in ƙwayar tamu ne, wasu suce abincinmu, wasu suce tsutsar ciki ce ke sauya yadda jiki ke faɗa da ita. Duk zai iya yiwuwa. Amma ni da na wanke Kawu da hannuna ina da tawa maganar, kakata da ƙanwar Innata wane littafi aka rubuta su a ciki? Ba kyamara, ba gwajin tsoka, an yi musu sallah an kai su, a lissafin duniya basu taɓa yin kansa ba. A 2022 an ƙiyasta mutum kusan 968,000 suka kamu da kansar tumbi a duniya, wajen 660,000 suka mutu, ita ce ta biyar a jerin nau'ukan kansa. Koriya ta Kudu duk wanda ya kai 40 ana zura masa kyamara duk shekara biyu ko lafiyarsa ƙalau, shi yasa suke kama ta tana ƙarama su warke. Mu sai mutum ya faɗi a gona.

Ba cewa nake duk mai zafin ƙirji kansa gare shi ba, a'a, mafi yawa olsar ce da gaske ko kumburi, wasu ma haɗin maganin ciwon jikin nan da ake sha bayan an dawo daga gona shi ke cinye musu tumbi. Amma olsar da ta zo da rama ba dalili, ko ƙoshi daga loma biyu uku, ko amai bayan cin abinci, ko baƙar bahaya, ko ƙarancin jini, ko abinci na tsayawa a ƙirji, ko ta fara wa mutum sabuwa fil bayan ya manyanta, wannan ta wuce kemis, kyamara take so. Omifirazol yana kwantar da zafin ko da kansa ce a ƙasa, abin da ya rufe mana ido kenan shekara guda da rabi. Kuma in a gidanku mutum biyu sun yi kansar tumbi kuma aƙalla ɗaya daga ciki irin mai bazuwar nan ce, ko mutum ɗaya ya yi irin mai bazuwar nan bai kai 50 ba, ƙa'idar masana ta 2020 tace irin wannan gidan ya cancanci gwajin CDH1. Gidanmu ya cika sharaɗin. Gwajin ba a kusa yake ba kuma ba arha ba, mun tambaya an ce sai an tura jini waje, muna nan muna tara kuɗin ni da 'ya'yan Kawu, in mutum ɗaya ya samu yi sauran zasu san inda suka dosa.

Bayan arba'in na sayi littafi mai layi na zauna gaban Inna da biro nace ta lissafo min 'yan ɗakinsu da na kakanni, waye ya rasu, yana da shekara nawa, me ya yi. Da farko ta ƙi, tace "kai ka bar tone-tone, wanda ya tafi kwanansa ne ya ƙare." Nace Inna haka ne, ba mai ƙara wa wani kwana, amma ko Annabi ya ce a nemi magani, kuma jikokinki nake dubawa. Ta yi shiru tana murza carbi, can sai ta fara, tun daga wani yayan kakarmu da ban taɓa jin sunansa ba wanda shi ma aka ce ciki ne. Mun cika shafi uku a daren. Da muka gama ta karɓi littafin ta sa a ƙasan adakarta inda take ajiye takardun gona.

Sati biyu bayan nan na kai ta gwajin bahaya, don shi da na numfashi su ne ke nuna ƙwayar na nan a raye, na jini yana iya nuna tsohon kamu ne kawai, kuma sai da aka sa ta ajiye omifirazol ɗinta sati biyu kafin a ɗauka. Ya fito tana da ita. Nima na yi, ina da ita. Muka sha maganin tare, kala uku safe da yamma kwana 14, tana ta mitar bakinta ɗaci kamar ta tauna maɗaci, a kwana na shida tace ta gaji ta ji sauƙi, na zauna a bakin gadonta da moɗar ruwa nace Inna in kika tsaya a nan ƙwayar zata dawo ta fi da taurin kai, ta harare ni ta karɓa ta haɗiye. Da aka sake gwaji bayan wata guda mu biyun babu. Kyamara ce dai har yanzu take tsoro, tace ita ba za a zura mata igiya a wuya ba, amma ta yarda in babban ɗan Kawu ya fara yi ta ga ya fito da ƙafarsa to zata shiga. Shi an bashi ranar Litinin ta sama, motar asuba zamu bi.